Hajiya Barmani Coge, Muryar Funtuwa Da Ta Shiga Kowane Tsakar Gida

 Yau tarihin wata baiwar Allah za mu kawo muku, wadda ba ma'aikaciyar gidan rediyo ba ce, ba ta kuma karɓi albashin kowa ba a ƙarshen wata, amma da wuya a sami mai gabatar da shirin mata a rediyo ko talabijin wadda matan ƙasar Hausa suka kasa kunne gare ta kamar yadda suka kasa wa wannan. Sunanta na yanka Sa'adatu, amma duniya ta fi saninta da Hajiya Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa ta Jihar Katsina. Ta rasu tun cikin 2013, watau da yawa daga cikinku 'yan makaranta ba ku yi wayo kun same ta ba, sai dai ku ji muryarta a wayar inna ko a gidan biki. To, ku matso ku ji ko wace ce.

An haife ta cikin shekarun 1940 a ƙasar Funtuwa, kuma wanda bai san Funtuwa ta wancan zamani ba, ba zai gane inda Barmani ta samo ƙarfin halinta ba. Funtuwa garin auduga ne. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa ta cikinta, ta wuce Gusau har Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injin gurzar auduga. Da kaka ta yi sai manoman Bakori da Ɗanja da Faskari da Ƙafur da Malumfashi su ɗoro farin zinariyarsu a kan jakuna da motoci, kuɗi su shigo gari, baƙi su biyo kuɗi. Ga Katsinawa, ga Zagezagi, ga Yarbawa da Nufawa da Ibo, ga direbobi da 'yan kamasho, kowa da irin bakinsa. Garin da kuɗi ke yawo haka ba ya rasa biki, inda biki yake kuwa ba a rasa makaɗi. A nan Funtuwa ne Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya kafa gidansa ya zauna. Saboda haka yarinyar da ta tashi a can ta tashi ne tana ganin waƙa na ciyar da mutum har ta kai shi Makka.

Shi sunan Barmani, ku 'yan yanzu, ba suna ne na banza ba. Irin laƙabin nan ne da iyayenmu na da suke sa wa yaron da aka haifa bayan an yi ta haihuwa ana binnewa, kamar Ajuji da Ayashe. Roƙo ne uwa take yi a bar mata wannan. Coge kuwa daga rawa ya samo asali, wata irin tafiya ta ɗingishi da karya ƙugu da ake yi a fagen mata, wadda ta ƙware a kai har sunan ya bi ta.

Kamar sauran 'yan matan zamaninta, ba ta daɗe a gaban iyaye ba. Tana da kimanin shekara 15 aka yi mata aure, ta shiga ɗaki ta yi ta haihuwa, har ta haifi 'ya'ya fiye da goma. A wancan lokaci 'yan matan Lardin Katsina da suka yi zurfi a boko ana iya ƙirga su, Barmani kuwa ba ta cikinsu. Makarantar da ta koyi azanci ita ce wadda kowace 'yar Bahaushe ta shiga, watau dandali da gaɗa, da waƙar niƙa a bakin dutse, da luguden daka, da waƙar daɓe idan mata sun taru gyaran ɗakin amarya. Ku lura da wannan da kyau: da aurenta da goyonta ta shiga sana'ar waƙa, wajen farkon shekarun 1970, kuma maigidanta bai tare mata hanya ba. Duk wadda ta san yadda ake kallon mace mai ɗaga murya a bainar jama'a a ƙasar nan, ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne, a gare ta da shi duka. Zabiya da maroƙiya ana son su ranar biki, ana yi musu kari, amma idan gari ya waye ba kowa ke so a ce 'yarsa ce ko matarsa ba.

Kiɗan da ta ɗauka shi ne amada, kuma ba ita ta ƙago shi ba. Amada tsohon kiɗan mata ne na cikin gida, wanda masana suka ce da fari na bege ne da yabon waliyyai, kafin a hankali ya koma na suna da biki. Kayan aikinsa duk suna cikin madafinku. Ƙorai ne ake kifewa, wata a ƙasa, wata a kan ruwa cikin babban masaki ko baho don ta ba da amo mai zurfi, mata su zauna su kewaye su suna bugu, shugaba tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Babu kalangu, babu kotso, babu namiji da ake bukata. Shi ya sa ya dace da gidan kulle, don ana iya yinsa a tsakar gida ƙofa a rufe, maza suna can zaure. Kafin Barmani, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta yi suna ƙwarai da shi. Abin da Barmani ta yi shi ne ta ƙara masa zafi da barkwanci, ta cusa masa maganganun da mata ke yi a tsakaninsu idan babu namiji kusa, sa'an nan ta yi dace zamaninta ya zo daidai da zamanin akwatin rediyo.

Bari mu ɗan tsaya a kan rediyon nan, don ba za a gane girman Barmani ba sai da shi. Ƙasarsu ma tana da tarihi a wannan fage, domin ranar 13 ga Maris 1957 da gidan rediyon BBC ya fara magana da Hausa daga London, muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi aka fara ji. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, wanda ya zama Rediyon Kaduna da kowa ya sani, mai kaiwa har Nijar da Kamaru da Gana. Sai ga ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, musamman bayan kuɗin man fetur sun shigo, aka kuma biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kowa ya ruga kanti. Rediyo ta shiga kayan ɗaki, ta hau kan kabad tare da jeren kwanoni da tasoshi. Ku tuna matar da ke kulle a wancan zamani ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa silima, ba ta karanta jarida. Maigida ya fita gona ko kasuwa tun da safe, ita da rediyo ne a gida har la'asar. Ta ji labarai, ta ji wasan kwaikwayo, ta ji Zaɓi Sonka ana ta miƙa gaisuwa daga gari zuwa gari. Amma kusan duk muryoyin da ke rera waƙa a ciki na maza ne, suna yabon sarakuna da attajirai da 'yan dambe da manoma. Ran nan sai ta ji amon ƙwarya irin tata, da muryar mace irin ta maƙwabciyarta, tana maganar kishiya da naƙuda da kuɗin adashi. Wannan ita ce Barmani. Abin da ake ɓoyewa a bayan katanga ya fito ta akwati, kuma maza ma suna ji, ko sun so ko sun ƙi.

To, me take faɗa wa matan? Babbar maganarta, wadda ta fi kowace nauyi a wurinmu, ita ce sana'a. Tana da waƙa sukutum a kan mata su kama sana'a, inda take nuna cewa macen da ba ta da abin yi ita ce abar tausayi, komai sai ta miƙa hannu, sabulu sai ta roƙa, gudummawar biki sai ta roƙa, ranar da aka hana ta kuwa sai kuka. Ba wa'azin littafi take yi ba. Ta san matan da take yi wa magana, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu fura da ƙosai da ɗanwake, masu daddawa, masu kaɗi da ɗinkin hula. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin shekarun 1960, ta yi mamakin yawan cinikin da matan kulle ke yi ba tare da sun taka kasuwa ba, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Abin da Baturiya ta rubuta da Turanci don masana, Barmani ta rera shi da Hausa don masu abin, ta kuma sa suka ji alfahari da shi. Har ila yau tana da waƙar roƙon Allah Ya ba da nairori. Naira kuwa a ranar 1 ga Janairu 1973 ta maye gurbin fam da sule, watau kusan tare suka fito da Barmani. Mace ta fito fili ta ce tana son kuɗin kanta, ba ta ji kunya ba, wannan sabon abu ne a kunnen mutane da yawa.

Sai dai a nan akwai wani ƙulli, kuma ku 'yan makaranta ku ne ya fi shafa. Sana'ar matar kulle ba ta tafiya sai da ƙafar wani, ƙafar nan kuwa ta 'yarta ce. Uwa ta soya, 'ya ta ɗauki faranti ta shiga gari talla, da ribar ake tara kayan ɗaki. Da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, a gidaje da yawa abin da ya hana a saki 'yan mata su tafi aji shi ne farantin nan. Har gobe ana wannan ja-in-ja a Funtuwa da Malumfashi da sauran garuruwanmu. Saboda haka uwargida, idan kin ɗauki shawarar Barmani kin kama sana'a, madalla, amma ki dubi wadda za ta ɗaukar miki kayan, da kuma ƙarfe nawa za ta ɗauka. Yau ga shago a ƙofar gida, ga waya ana ciniki da ita daga kan gado, ga 'yan sari masu zuwa har gida su ɗauka. Uzurin da iyayenmu suke da shi a 1976 ya ragu ƙwarai.

Sa'an nan sai maganar kishiya, wadda ita ce ta fi tashe a gidan biki. Waƙarta da aka fi sani da Sakarai Ba Ta Da Wayo, da an buga ta za ki ga fili ya cika, uwargida ta tashi, amarya ma ta tashi, kowace tana rawa tana ganin da ɗayar ake. Gwanintar ke nan. Habaici ne wanda ba ya kama suna, kowa ya tsargu shi ya sani. Wasu na cewa irin waɗannan waƙoƙi suna hura wutar gaba a gidaje, kuma ba za mu ce ƙarya suke yi ɗungum ba, don akwai wadda takan ƙure rediyo da gangan idan an sako ta, don ta ɗakin can ta ji. Amma a ganinmu Barmani ba ita ta kawo kishi gidan Bahaushe ba, ta tarar da shi ne. Abin da ke cin mace a rai shekara da shekaru ba ta da inda za ta faɗa, ta samu ta fitar da shi da rawa da dariya a cikin 'yan'uwanta, ta koma gida da sauƙin zuciya. Wannan ya fi a kai shi wurin boka.

Ta yi waƙar haihuwa, tana kambama mace mai yawan 'ya'ya a jere, irin wadda ake yi wa gorin gwarne, tana nuna abin ikon Allah ne, ba abin dariya ba. Ita da ta haifi fiye da goma ta san zafin abin da daɗinsa. Matan da aka saba yi wa ba'a sun sami mai share musu hawaye. Amma ke mai karatu kin san abin da likitoci da ungozomomin asibiti suke faɗa yau game da ba da tazara da zuwa awo, don jikin uwa ya huta, na goye ya sha nono ya ƙoshi. A ɗauki waƙar a matsayin lallashi ga wadda abin ya riga ya samu, kada a ɗauke ta takardar likita.

Akwai kuma waƙoƙin da ba za mu zayyana a wannan fili ba, don yara na karantawa. Barmani ba ta da nauyin baki. Takan ambaci jikin mace da kwalliyarsa da abin da ke tsakanin miji da mata da kalmomin da wasu ke toshe kunne, malamai da dattawa kuwa sun sha yin tir. Gaskiyar magana ita ce waɗannan waƙoƙi na fagen mata ne zalla, irin abin da tsofaffi ke faɗa wa amarya a ƙuryar ɗaki. A can ba su da laifi a wurin masu sauraronsu. Na'ura ce ta fitar da su daga inda aka yi su, ta kai su tasha da shagon mai shayi, inda ba don can aka rera su ba. Rediyon da ya ɗaukaka ta, shi da kaset, su ne kuma suka jawo mata yawancin zargin da ta sha.

Da talabijin ta yaɗu, bayan an kafa hukumar NTA a 1977 jihohi kuma suka buɗe nasu gidajen, sai mutane suka ga fuskar mai muryar. Mace ce mai fara'a da kwarjini, ta sha ɗaurin kallabi da zane na gani na faɗa, mata zaune gabanta da ƙorai, tana waƙa tana taka rawa tana zolayar 'yan amshinta. Wanda ya gan ta ya san ba waƙa kaɗai take yi ba, fili take riƙewa. Ta san lokacin da za ta sassauta kiɗa ta yi magana, da lokacin da za ta ambaci wata hajiya a cikin taro har ta miƙe ta yi liƙi, da lokacin da za ta saki barkwanci idan ta ga jiki ya yi sanyi. Ku 'yan mata masu sha'awar aikin gabatar da shiri a rediyo ko talabijin, wannan shi ne ainihin aikin, watau ki san wa kike yi wa magana, ki yi masa da harshen da yake ji, kada ki bari hankalinsa ya tafi. Ana koyar da shi yanzu a jami'a da kwalejin koyon aikin jarida, ita kuwa a tsakar gidajen Funtuwa ta koya.

Kada ku zaci duk yawan jin ta da ake yi ya zama dukiya a hannunta. Zamanin kaset kowa na iya sayen guda ya kwafi ɗari ya sayar a kasuwa, mai waƙa bai ga ko kwabo ba, kuma haka aka yi wa kusan dukan makaɗan Hausa na lokacin. Abincin Barmani yana wurin biki da suna da taron mata, inda ake gayyatarta gari-gari, da abin da masoya suka yi mata na kari, kuma daga ciki take sallamar makaɗanta da 'yan amshi, waɗanda su ma matan aure ne da zawarawa masu bakunan ciyarwa. Watau ita kanta sana'ar da take yi wa mata kirari ita take yi, da ƙwarya a maimakon kasko. Ta kai shekara 40 tana wannan aiki.

Wani abin da ke ba mu takaici shi ne bambancin da ake nunawa. Waƙar maza ana ɗaukarta tarihi, ta mata kuwa a ce wasa ne. Maƙwabcinta Shata, wanda ya rasu a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988, an kuma rubuta babban littafi a kan rayuwarsa, ya kuwa cancanta. Barmani sai daga baya masana suka waiwayo ta sosai, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi rubutu a kanta. Ɗalibai a sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi ta nazarin waƙoƙinta. Duk da haka, idan akwai tsohon kaset nata a ƙasan akwatin kakarku, kada ku bari a zubar, ku sa a juye muku shi a waya, don ba kowace waƙa tata ce ta tsira ba daga zafi da ƙura.

Ba ta bar Funtuwa ba. An yi Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka mai da ita Jihar Kaduna a 1976, aka yanke Jihar Katsina a 1987, duk tana nan garinsu, daga nan take fita a nan take dawowa. Zamani ya juya, waƙoƙin fim da na fiyano suka cika gidajen biki, amma ko a lokacin, idan aka ce yau ranar kiɗan ƙwarya ce, sunanta ake fara kira. Tsufa da rashin lafiya suka rage mata ƙarfi, duk da haka ba ta ajiye sana'a ba sai da jiki ya ƙi. Ta yi jinya, Allah Ya karɓi abinsa a farkon watan Maris 2013, aka yi mata sutura a Funtuwa. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa, gidajen rediyon da suka yi shekaru suna sako muryarta kuma su ne suka ba da sanarwar rasuwarta. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, amin.